Ranar da Ɗantsoho Bai Saki Ba

Duk wanda ya saba zuwa filin sukuwa na bayan garin Gumel ya san Ɗantsoho, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan gajeren dattijon nan da ke tsayawa a layin tashi, riƙe da kan doki, idonsa a kan tuta. A filin nan babu akwatunan ƙarfen da ake gani a talabijin, masu buɗewa da kansu. Mutum ne ƙofar kowane doki. Sai ka damƙe shi a gindin linzami, tuta na sauka ka sake shi, ka yi tsalle gefe tun bai bi ta kanka ba. Shekara talatin da ɗaya Ɗantsoho ya yi yana wannan aiki a gidan Alhaji Siddiq, wani attajirin hatsi da ke da barga a Gumel.

A wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar aka haife shi. Mahaifinsa korar dabbobi yake yi zuwa kasuwar Maigatari, shi kuwa tun yana yaro in aka neme shi aka rasa, to a duba wajen masu sayar da dawakai. Doki ya taɓa karya masa haƙarƙari biyu, wani ya cije shi a kafaɗa, bai daddara ba. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: bai iya cewa a'a ba. Ko cewa aka yi ya ɗebo ruwa da rariya, "to" zai ce ya kama hanya. Matarsa Talatu takan ce da a ce ranar ɗaurin aurensu wata daban aka miƙo masa, da ya ce "to" ya karɓa.

Ɗantsoho bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi kunne. Ƙasar nan tamu rairayi ce, doki in yana tafiya a kanta ba ka jin komai sai fus-fus, gurgu da lafiyayye duk ɗaya. Saboda haka kullum da safe sai ya ja dawakin Alhaji ɗaya bayan ɗaya zuwa famfon unguwa, inda akwai daɓen siminti. Mutane na ganin shayarwa ya je yi. Shi kuwa saurare yake yi, kai a sunkuye, yana ƙirga yadda kofato huɗu ke sauka.

Ranar Asabar ɗin da muke magana, da kaka, ya ja Tsinke zuwa famfo. Tsinke baƙin doki ne mai farin goshi, shi ne zakaran bargar, kuma a hannun Ɗantsoho ya tashi tun yana ɗan siririn abu da ake yi wa dariya. Da yamma zai yi tseren ƙarshe, wanda masu dawakai suka taho dominsa tun daga Damagaram. Suna hawa daɓen sai Ɗantsoho ya ji ƙafa uku sun sauka da nauyinsu, ta huɗu, ƙafar gaba ta hagu, ta sauka a ɗarare kamar mai taka ƙaya. Ya juya da dokin ya sake bi, ya sake bi har sau biyar, mata masu ɗiban ruwa suka fara yi masa tsiya ko ya zubar da kuɗi ne a wurin. Ya tsuguna ya shafa ƙafar daga gwiwa zuwa kofato. Babu kumburi. Zafi kuwa, ko akwai ko babu, ya kasa rantsewa.

Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida cikin baƙi. Ya durƙusa ya jira har aka waiwaye shi.

"Ranka ya daɗe, ƙafar Tsinke ce. Ta hagu. Ban ji daɗin saukarta ba."

"Ɗingishi yake yi?"

"A'a, ba ya yi."

"Ta kumbura?"

"Ba ta kumbura ba."

Alhaji ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya saba da tsoron tsofaffi. "To, Ɗantsoho, ai akwai likita a fili. In ta ce kada ya gudu, ba zai gudu ba. Mu bar wa masu ilimin abin."

Ɗantsoho ya ce, "To."

Tuwon rana bai ciyu ba. Abin da ke yi masa yawo a kai shi ne wani doki da ya gani shekarun baya, ƙafarsa ta ɓalle a kwanar ƙarshe, ƙarar ta kai har layin tashi. Dokin ya yi ta ƙoƙarin miƙewa a kan ƙafa uku har aka kawo wuƙa. Mahayinsa kuwa har yau a kan keken guragu yake. Wanda zai hau Tsinke yau Nura ne, mutumin Maigatari, magidanci mai 'ya'ya uku.

Bayan la'asar aka jera dawakai tara a bayan layi. Shekara biyu ke nan da masu shirya sukuwar suka kafa dokar cewa ba dokin da zai tashi sai likitar dabbobi ta duba shi a nan take. Dakta Naja'atu ce ke dubawa, yarinya mai natsuwa, ba ta da ha'inci kuma ba ta jin tsoron babbar riga. A ranar ma ta riga ta fitar da wani doki mai tari, mai shi yana ta kumfar baki. Ɗantsoho ya yi ta addu'a a ransa Allah ya sa ta gani.

Ta duba idon Tsinke, ta saurari ƙirjinsa, ta bi ƙafafunsa da hannu. Amma dokin da ya wuni a rana ko'ina jikinsa zafi ne. Ta ce a zagaya da shi. Ɗantsoho ya ja shi suka yi sassarfa, suka je suka dawo, a kan rairayin da ke shanye ƙafa har idon sawu. Tsinke ya tafi sumul, yana wani karkaɗa kai, 'yan kallo na tafi.

Ta ɗago daga takardarta. "Baba, kai ne kake tare da shi kullum. Akwai wani abu da ka lura da shi?"

Alhaji na tsaye taku uku daga nan tare da baƙinsa. Bai ma haɗe rai ba, kallo kawai yake yi. Ɗantsoho ya dubi Alhaji, ya dubi likitar. Me zai ce mata? Ya ce siminti ya gaya masa? A gaban mutanen Damagaram ya kunyata mutumin da ya ci abincinsa shekara talatin, a kan abin da ba ya ganuwa?

"Babu, likita," ya ce.

Ta sa hannu ta wuce doki na gaba.

Nura ya hau, ya gyara zama, ya ce, "Baba, a yi mana addu'a." Ɗantsoho ya kama gindin linzami. Yana jin numfashin dokin a wuyansa. Mai tuta ya ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Tuta ta sauka, hannaye takwas suka buɗe, dawakai takwas suka fice. Na Ɗantsoho bai buɗe ba.

Tsinke ya yi tsaye a kan ƙafafun baya, ya ɗaga tsohon sama ya buga da ƙasa, ya ja shi a rairayi. Nura na ihu, "Baba, saki! Saki mana!" Jama'a suka ɗauka, "Sake shi, tsoho!" Wani ya jefo takalmi. Ɗantsoho ya ƙara da hannu na biyu ya rufe ido. Kafin a ɓamɓare yatsunsa, sauran sun sha kwanar farko, kafaɗarsa kuma ta goce.

Dakta Naja'atu ta zo da gudu. A nan, yana zaune a ƙasa baki duk yashi, ya faɗa mata abin da ya kamata ya faɗa tun ɗazu. Ta ce da ya yi magana da ta cire dokin, ba wanda ya isa ya hana ta. Ta ce irin wannan tsagewar ƙashi, in ma ita ce, sai an ɗauki hoto a babban asibitin dabbobi za a sani. Alhaji bai tsaya jin zancen hoto ba. Ya sa aka loda dokin a mota.

Bai zagi Ɗantsoho ba. Da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Kashegari ya aiko a ce ya miƙa wa wani yaron barga, Sha'aibu, makullin ɗakin harawa. Ranar Alhamis aka kai Tsinke kasuwar Maigatari, wani baƙo ya saya ya ƙetare iyaka da shi.

Yanzu Ɗantsoho na zaune a Gagarawa, wajen dangin Talatu, yana sayar da harawa da dusa a bakin titi. Hannun hagunsa ba ya ɗaguwa sosai. Nura ba ya gaishe shi. A majalisa wasu na cewa tsufa ne ya taɓa shi, wasu na cewa sayen shi aka yi. Wannan duk bai dame shi kamar abu ɗaya ba: har yau bai san ko ƙafar za ta karye ba. In Tsinke na can yana cin tsere lafiya lau, to ya zubar da mutuncinsa da na maigidansa a banza. In kuwa ya faɗi a wani fili a can, to riƙon bai tsirar da kowa ba.

Duk Alhamis sai ya hau mota zuwa Maigatari, ya bi direbobin da ke shigowa daga tsallake yana kwatanta baƙin doki mai farin goshi. Makon jiya wani direba ya ce kamar ya san gidan da dokin yake, zai tambayo masa. Ɗantsoho ya yi godiya, ya juya ya tafi. Direban ya tayar da mota ke nan sai ya ji ana buga masa ƙofa. Tsohon ne, yana haki.

"Ɗan'uwa," ya ce, "in ka je, duba shi kawai. Kada ka faɗa mini."