Jiƙaƙƙiyar Ɗamarar Kakana

Jiya da azahar a wurin aikinmu nan Riyad, wani abokin aiki ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka. Warin jiƙaƙƙen tsumman nan ya buge ni, na kasa zaune na kasa tsaye, har mudir, wato shugabanmu, ya tambaye ni ko lafiya. Kakana ne ya faɗo mini a rai.

Ka san rigimar yaro. Wata bazara a gidanmu na Damagaram muna wasan ɓuya, na kwanta cikin ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Kakana, tsohon nan da ko kaza ba ya kora, ya fizgo ni. Na ji haushinsa ƙwarai. Sai da ya huce ya zaunar da ni gindin bishiyar bedi, kakata tana gefe tana tsince gero.

Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu Faransa ta ɗauke shi soja, aka kai shi can arewacin hamada gadin fursunoni. Yahudawa ne aka kwaso, suna fasa dutse don hanyar jirgin ƙasa. Wanda ya yi laifi sai a kwantar da shi a rami kamar kabari, rana na dukansa, ruwan da ake ba shi ko maƙogwaro ba ya jiƙawa. Akwai wani siriri da leɓɓansa suka tsage. Kakana ya riƙa jiƙa jar ɗamararsa ta soja, in ya zo wucewa ya saki bakinta cikin ramin, mutumin ya tsotsa. Da a ce kumandan ya gani, da kakana ma ramin zai shiga.

Ranar da aka fito da mutumin, da ƙafarsa ya tashi. Ya bi ta gaban kakana, kansa a sunkuye, ya wuce.

Kakata ta ajiye faifai. "Ko sannu bai ce maka ba, Malam?"

"Da ya dube ni, da mu biyu mun halaka," in ji shi. "Ban taɓa samun godiya irin wannan ba."

Daga baya sojojin Amurka suka iso ƙasar aka buɗe sansanonin, amma an riga an mayar da kakana gida.

Yanzu 'ya'yana na ganin hotunan yaƙin nan a waya, duk na Turai ne, babu hamadar kakana. Abin na damuna. Wataƙila a wata ƙasa akwai jikokin siririn nan, su ma suna neman sunan baƙin sojan da kakansu ya ƙi kallo.