Kadan da Ya Riƙe Carbi

A garin Gulma na tashi, hannun kakata Inna Hajo, mai bandar kifi. Da an yi sallar isha'i sai mu zagaye murhunta, hayaƙi na sa mu hawaye, tana juya kifi tana ba mu tatsuniya. Akwai wadda ba ta gajiya da ita.

Wai kifayen gulbi ba su da sarki, duk shekara taruwa suke su zaɓi shugaba. Wata shekara sai wani kada ya zo da carbi, ya ce ya tuba da cin nama. Suka ga tsawon carbin, suka zaɓe shi. Sai ya kafa doka: kowa ya zo salla bakin raminsa, wanda ya ƙi kafiri ne. Kullum aka sallame, sahu ya ragu. Kowa ya gani, ba mai magana.

A nan Inna kan ajiye itacen hannunta.

"Sai tarwaɗa tat tashi," in ji ta. "Tac ce, malam, mu munka zaɓe ka, ba daga sama aka sauko da kai ba. Salla muna yi tun ba ka zo ba. Ina 'yan uwanmu?"

Ranar kifaye suka tsige shi.

Na taɓa tambayarta, "Inna, ba ta ji tsoro ba?"

"Ta ji mana, ɗiyata. Amma ta hi tsoron Allah."

Yanzu ina koyarwa a wata islamiyyar matan aure a unguwar Badariya. Lokacin zaɓen da ya wuce, wani dattijon unguwa ya shigo ajina riƙe da Alƙur'ani. Ya ce kowace ta dafa, ta rantse ɗan takararsa za ta zaɓa, wai abokin hamayyarsa da Kiristoci yake yawo. Ɗan takarar nasa kuwa shekara huɗu yana kan kujera, asibitinmu ko ruwa babu.

Gabana na faɗuwa na ce, "Baba, a ajin nan ba mai dafawa. Littafin Allah ya fi ƙarfin wannan. Tun da ɗan takararku mai addini ne, a tambaye shi amanar da aka ba shi."

Ya ce zan gani. Na kuwa gani, bayan sati biyu aka karɓe ajin daga hannuna.

Ban yi nadama ba. Na gane ƙasar da jama'a ke zaɓen shugabansu ba ta tsayuwa sai da masu tsoron Allah, kuma ƙuri'ar da aka ƙwata da rantsuwa ba zaɓe ba ce. Mata sha ɗaya daga ajin sun biyo ni gida. A tsakar gidana muke karatu yanzu, kan tabarma.