Katangar Tsakiyar Titi

Kafin a yi aikin mararrabar bakin Zongo, mahaifina sau biyar yake ƙetare titi kowace rana. Gidanmu yana gabas da titin, masallacin unguwa yana yamma. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, ciwon gwiwa ya riga ya kama shi, amma haka yake dogara sandarsa ya tsallaka, 'yan zemijan, masu haya da babur, suna rage gudu suna ɗaga masa hannu.

Da aka ce za a faɗaɗa mararrabar saboda manyan motocin da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, ba wanda ya ƙi. Duk mun san mutanen da wurin ya ci. Dattawa suka kira ni, da yake ni na yi karatun Faransanci, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Nyékonakpoè. Suka ce in rubuta wa hukuma takarda, a bar mana wurin ƙetarewa daidai masallaci, a kuma nema wa mata masu koko da ƙosai na bakin titi inda za su koma.

Bayan 'yan makonni injiniyan aikin ya zo. Saurayi ne mai ladabi, har ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Ya shimfiɗa taswira, ni ina fassarawa.

Baba ya ce, "Tambaye shi, ta ina zan bi in je salla?"

Injiniyan ya ɗora yatsa can ƙasa, ya ce za a yi gadar ƙafa kusa da gidan mai.

Baba ya ce, "Gadar, hawa ake yi?"

Injiniyan ya dubi sandar Baba. Sannan ya ce mini taswirar daga sama ta zo, ba shi da ikon canza ta, amma zai rubuta musu. Na juya na ce wa dattawa, "Ya ce za su duba." Ban faɗi sauran ba. Na ga fuskokinsu sun saki, aka shafa fatiha, aka watse. Har yau wannan fassarar tana damuna.

Aka gama aiki, titi ya yi faɗi ya yi kyau. A tsakiyarsa aka kafa katangar siminti har ƙirji, da ƙarfe a kanta. Masu koko aka tura su bayan gareji inda ba mai wucewa. Ƙanwar mahaifiyata tana cikinsu. Ta jure wata biyu, ta tattara tukwanenta ta koma wurin 'yarta a unguwar Hédzranawoé.

Sau ɗaya Baba ya gwada gadar, ranar wata Juma'a. Ya kai rabi ya zauna a kan matakala, gumi ya jiƙa rigarsa, mutane suna raɓa shi suna wucewa. Ni da wana muka sauko da shi a hannu. Da muka kusa gida ya ce, "Kada ku gaya wa uwarku."

Daga ranar a ɗaki yake salla, yana bin liman ta lasifika. Abokansa na yamma duk tsofaffi ne irinsa, su ma gadar ta fi ƙarfinsu. Da la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida. Ladan, abokinsa tun suna yara, ya tsaya a ƙofar masallaci, su ɗaga wa juna hannu idan motoci sun ɗan tsagaita. Ba a jin magana. A hankali ya daina cewa a fitar da kujerar, ya rage cin abinci.

Da damina ya rasu, da hantsi. Muka yi masa wanka, muka sa shi a makara, muka nufi gadar don a kai shi masallaci. Sai ga shi matakalar tana da kwana mai tsanani, makara ba ta juyuwa. Muka gwada ta kai, muka gwada ta ƙafa, ta ƙi. Wana ya ce, "Ku sauko da shi."

Samarin unguwa suka shiga titi suka tare motoci da jikinsu. Muka ɗaga makarar bisa katangar, mutanen yamma suka miƙo hannu. A tsakiya ta karkace, gawar ta zame, na cafke ƙafafunsa ta cikin likkafani. Na riƙe su har aka daidaita. Wani direba da ke ta danna ham ya ga abin da ake yi, ya kashe mota, ya sauko ya tsaya.

Wani ya ɗauki abin a waya, hoton ya zagaya gari. Ba a yi wata ba aka zo aka yanke katangar, aka shafa farin fenti a kwalta, aka sa tudun rage gudu. Ba daidai masallaci aka yanke ba, amma tsoho zai iya kaiwa. Maganar masu koko kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Ranar da ake yankan, injiniyan ya shigo gidanmu gaisuwa. Ya ce ya rubuta musu har sau uku, ba a amsa ba. Inna tana takaba, ta ɗaga murya daga ɗaki ta tambaye ni ko wane ne. Na gaya mata.

Ta ce, "To, ka ba shi ruwa."

Na kawo masa ya sha. Muka zauna a zaure, ƙarar injin yankan siminti tana shigowa, har ya tashi ya sa takalminsa.