Yadda Na Zama Mutumin Jakai

Shekarar da wani furoje, wato shiri na dashen itace, ya buɗe biro, ofishinsa ke nan, a Buza, na je neman aikin kai musu duwatsu da jakaina. Sai mai kati ake ba aikin, katin kuma daga ordinatar, wato kwamfuta, yake fitowa. Mai buga shi wata madam ce, Kirista, da ta koyi aikin a asibitin mishan.

Ta juyo mini gilashin mashin ɗin na gani. Kowane mutum layi guda ne: suna, sana'a, gari, sunan mata, tsakaninsu da wani ɗan ƙugiya da ta kira birgil.

"Alhaji, mi kake saidawa?"

"Albasa, jakai, gishiri."

Haka ta buga, kowanne da birgil ɗinsa. Ashe mashin ɗin ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, birgil kaɗai ya sani. Da ya ga ɗaya sai ya tsallaka gida na gaba. Aka kwashe sunayen a faifai aka kai Tawa, kati ya dawo: sana'a albasa, gari Jakai, mata Gishiri.

Na ce, "Madam, ni ɗan Tamaske ne, uwar ɗiyana kuma tana gida da ranta."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Gyara ba wuya, Alhaji, goge birgil biyu ne. Amma faifan ba shi dawowa sai bayan damina, aiki kuwa ran Litinin za a raba shi."

Na sa katin a aljihu. Suna ba ya ɗaukar dutse.

Ina cikin aiki sai ga kamyo cike da dashen bagaruwa. Direban ya gaji da yawon neman garin Jakai, don duk garin da ke cikin mashin yana da rabo. Na nuna masa gonata ta hanyar Tabotaki, inda nake ɗaure dabbobin.

Daga baya madam ta aiko mini cewa wani babban jami'in furoje, irin waɗanda muke ce wa mushe, zai zo daga Tawa ya ga garin. In babu gari, katin ƙarya ne, za a karɓe aikin. Na kafa bukkoki, na naɗa wa wana rawani ya zama maigari. Uwargida ta ce za ta amsa Gishiri, amma na yini ɗaya tak.

Mushe ya zo, ya gaida maigari, ya gaida Madam Gishiri, ya dubi jakai sun fi mutane yawa.

"Ina sauran jama'a?"

Wana ya ce, "Sun tafi bida Abijan, mushe."

Nan bai yi ƙarya ba, rabin ƙasarmu ta Adar na can cin rani. Mushe ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce zaizayar ƙasa ce ta kori mutanen Jakai, dole a jera musu duwatsu kafin ruwa ya sauka. Ya tambayi wa ke da kati a garin. Ni kaɗai ne.

Ranin nan duka, dutsen furoje nake ɗauka da jakaina ina kaiwa gonata.