Baba Direba da Kyamarar Gwanjo

Mijina direban motar makaranta ne, kuma duk unguwarmu ni kaɗai ce ba na ce masa Baba Direba. Yara ne suka raɗa masa sunan, iyayensu suka ɗauka, har shugabar makarantar haka take kiransa. Ni Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma in ce "kai wannan mutum". Tun kafin a haifi autarmu yake jan doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa, bai taɓa ko gogar bango da ita ba. Mutum ne mai sanyin hali har ya ba ka haushi. In na ɗauko faɗa, sai ya bari in kai ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye hularsa.

Ba ya shan taba, ba ya zaman hira a bakin titi, ƙwallo ma bai san wa ke ci ba. Na ɗauka Allah ya ba ni miji marar jaraba, ashe jarabar tana shagon gwanjo tana jiransa. Fanka na aike shi ya sayo mana, ya dawo da wata 'yar kyamara baƙa mai rufin azurfa, fatar jikinta duk ta sule, tana warin tsohuwar adaka.

"Malam, wannan ce za ta yi mana fifita?"

"Zo ki leƙa tukuna," in ji shi.

Ba batir gare ta ba, ba allo. Fim ake sa mata, a murza, a ɗauka, sai an kai an wanke sannan a ga abin da aka yi. A kusurwarta akwai 'yar tagar da ake kafa ido, a tsakiyar tagar kuma wani ɗan fili mai haske kamar ƙwayar gero. Duk abin da ka saita a cikin ɗan filin nan sai ya rabu biyu, mutum da inuwarsa. Sai ka riƙa juya zoben da ke jikin gilashin gaba a hankali har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Na leƙa, na ga hancin Auta ya zama biyu, na juya ya koma ɗaya. Na ce to, an gani, fankar fa? Da zafinmu muka kwana a shekarar.

Amma gaskiya ko ba daɗi a faɗe ta: hannunsa ya faɗa da abin. Haƙurin da ke ƙular da ni shi kyamarar take so. Yakan rataya ta a wuya ƙarƙashin kaki, in ya sauke yara ya ajiye mota sai ya ɗauki mai gadi yana gyangyaɗi, ko takalman da aka manta a ƙarƙashin kujera. Shago ɗaya ya rage a cikin gari da ke wanke fim, kuma ranar karɓo hotuna rawar jiki yake kamar yaron da aka yi wa sabon ɗinki. Ya taɓa ɗaukata ina tsakiyar masifa, baki buɗe, ludayi a hannu, har gashin girata ana iya ƙirgawa. Na rantse zan ƙona hoton, yana nan a bangon falo har yau.

A bara ne hotunan suka fara fitowa dishi-dishi. Fuskar mutum ta narke, bangon da ke bayansa ya fito tar. Ya ce fim ɗin ne ya tsufa. Ya sayo sabo, ya ce mai wankin ne ya yi ha'inci. Daga nan ya bi wani mai sayar da tsofaffin kaya har gidansa ya sayo wani gilashin ya ɗaura, bai sake zani ba. Na yi masa tsiya son raina, na ce laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na mai wanki. Wasa nake yi a lokacin, ban san abin da nake faɗa ba.

Sai na fara lura. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya gusa. In zai dube ni sai ya ɗan karkata kai, kamar kaza na kallon shaho. Ƙanina ya zo, suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, bai gane shi ba sai da ya yi sallama. Ranar ina yanka albasa abin ya faɗo mini gaba ɗaya, na ajiye wuƙar: mutumin nan kullum safiya yana ɗaukar 'ya'yan mutane cike da mota.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ke hana cin abinci. In na je na gaya wa shugabar makaranta, na yanka shi da hannuna, don motar nan ita ce shi. In na yi shiru kuma wani abu ya faru, da wane ido zan dubi uwar yaron? Gaba kura, baya sayaki. Na gwada yi masa hannunka mai sanda, na ce ko za mu je a auna mana tabarau mu duka biyu, tsufa ya zo. Ya ce idonsa garau yake, kyamarar ce ta goce, zai kai ta gyara. Na ɗauki mayafina na ce sai na raka shi.

Mai gyaran wani dattijo ne da ke gyaran agogo a wani ɗan lungu, shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya tsaya a waje. Ya karɓi kyamarar, ya goge tagar da ɗan ƙyalle, ya saita ta a kan sandar fitilar titi, ya dawo da ita kan gefen ƙofa, ya buɗe bayanta ya duba. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Malam, ni dai ban ga ciwonta ba," ya ce. "Ungo, haɗa mini gefen ƙofar can in gani."

Mijina ya kafa ido. Ya juya zoben dama, ya dawo da shi hagu, ya sake komawa. Ya sauya ido. Ina kallon yatsunsa, yatsun da ke juya sitiyari da ɗan tafi ɗaya, suna lalube.

"Ɗan hasken tsakiyar ne ya dushe," ya ce.

Dattijon ya karɓi kyamarar, ya miƙo mini. Da ma na ce hannuna da maiƙo, da ma na yi kowace irin ƙarya. Na leƙa, ga ɗan filin nan fes, na juya sau ɗaya ƙofar ta haɗe. Na sauke kyamarar, su biyun sun riga sun gani a fuskata.

"Ka daure ka ga likitan ido, ɗan'uwa," in ji dattijon, yana kallon teburinsa.

"Na gode," mijina ya ce, har da ɗan rusunawa.

Likitar yarinya ce, ba ta fi babbar 'yarmu ba. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta sa shi karanta haruffa. Ta ce ba yanar ido ba ce da za a cire, tsakiyar ganin ne ke lalacewa daga can ciki. Tabarau ba zai dawo da shi ba, magani sai dai ya rage masa gudu. Gefe-gefe zai ci gaba da gani, abin da ya kalla kai tsaye ne zai riƙa ɓacewa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Tuƙi," ya ce. "Yaran makaranta."

Ta ajiye biron da ke hannunta, ta dube ni, ba shi ba.

A hanyar gida, a kujerar baya ta motar haya, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Hanyar nan fa na san ta kamar yunwar cikina. Kowane rami, kowace kwana."

"Hanya ka sani, Malam. Ba ka san yaron da zai tsallako ba."

Ban taɓa faɗa masa magana mai zafin wannan ba, duk da bakina. Ya rungume kyamarar a cinyarsa har muka sauka, ranakun hutun mako kuma ya yi su yana goge ta, yana mayar da ita jaka, yana sake fito da ita.

Ranar komawa aiki ya tashi da wuri kamar kullum, ya goge takalmi, ya sa kaki. Na tsaya a bakin ƙofa da niyyar tare shi, amma da ya iso sai na matsa. Me zan yi, in ɗaure shi? Ya fita. Motar takan bi ta bakin layinmu bayan ya kwaso yaran gabas, yakan ɗan taɓa ham sau biyu don in ji. Na zauna da farantin wake a cinya, ina tsinta ina kasa kunne, ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba. Motar ta wuce a makare, ba ham.

Da hantsi na ji ana taɓa ƙofa. Shi ne, a ƙafa, takalmin da ya goge duk ya yi buɗu-buɗu. Tunda muka yi aure ban taɓa ganinsa a gida a irin wannan lokaci ranar aiki ba, sai ya zama kamar baƙo. Ya zauna a gefen kujera da kakinsa, ya ɗora hannaye a gwiwa.

"Na ba su makullin motar," ya ce.

Na ce, "Sannu, Malam."

Ya dubi bango, ya dubi taga, ya karkato kai wajena.

"Wai ke, war haka me ake yi a gida?"

Na miƙa masa farantin waken da nake tsinta, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sunkuya a kansa, sannan mu duka biyu muka tuna tsintar wake aikin ido ne.