Inna da Kunnen Tarwaɗa

Duk unguwar an san Inna Mai Tarwaɗa da abu biyu: kifinta masu ƙiba, da kanta da ya fi na kifin tauri. Matar masunci ce tun da ƙuruciyarta. Da mijin ya rasu, ƙafafunta kuma suka gaji da hanyar kogi, sai ta sa aka gina mata tankunan siminti biyu a bayan gida, ta koma kiwo. Da kifin nan ta aurar da 'ya'ya, da su ta rufa wa kanta asiri.

A wajen marigayin ta koyi cewa kifin da ke kwanciya a ƙasan ruwa bai dogara da ido ba. Can ƙasa duhu ne da laka, sai ji. Ko takun ƙafa a bakin ruwa yana isa gare shi. Shi ya sa ba a jan kujera kusa da tankunanta, baƙon da ya shigo da takalmi mai ƙwas-ƙwas kuwa sai ya sha harara kafin ya sha ruwa.

Abin haushin, ita mai tsaron kunnen kifi, nata kunnen ne ya fara tafiya. Sai ka yi ta sallama tana wanke-wanke ba ta waigo ba. In an yi mata magana ta ce mutanen yanzu ne ke magana a maƙogwaro.

Autanta mai gyaran famfo ne. Da ya ga jan guga na neman karya mata baya, ya kawo injin tura ruwa, zai ajiye shi a bakin rijiya.

"A'a," in ji Inna. "Jikin tanki za ka ɗaure shi, inda idona ke kaiwa daga ƙofar ɗaki."

Ba ta faɗi dalili ba, amma dalilin shi ne in ɓarawo ya zo kwance shi, ba za ta ji ba. Auta ya san gardama da ita ɓata yawu ne. Ya kafe injin a bangon tanki da kusoshi.

Ba a daɗe ba kifi suka ƙi abinci. Suka cure a kusurwa ɗaya, suna kurje juna, wasu suna tasowa ciki sama. Inna ta canza abinci, ta wanke tanki, ta zuba gishiri, duk a banza. 'Ya'yanta suka zauna suka yanke shawara: aikin ya fi ƙarfin tsohuwa, a rushe tankunan, ta koma gidan Auta ta huta. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ga kanta a ɗakin wani, ana miƙo mata kwano, ba mai tambayarta komai.

Da safen da magini ya zo duba abin da zai rusa, ta fita wajen kifinta. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bangon tanki, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai aka kawo wuta, injin ya tashi. Ba ta ji ƙara ba. A ƙashin bayanta ta ji shi, wata makyarkyata da ta hau har haƙoranta. Ta dafa bangon da tafin hannu, ta daɗe a haka.

"Auta, kullum haka abin nan yake yi?"

"Kullum, Inna. Mun ɗauka kin sani."

Ta dubi ruwan. A kan wannan simintin bayin Allah suke kwance, da shi suke jin duniya, kuma ita da bakinta ta sa aka ɗaura musu wannan azaba. Kunya ta kama ta, ga tausayi.

"Ban sani ba," ta ce. "Ba na ji, Auta. Na daɗe ba na ji."

Auta ya sunkuyar da kai, don bai taɓa zaton zai ji wannan daga bakinta ba. Ya roƙi magini ya ɗan saurara. Ya kwance injin, ya kai shi bakin rijiya, ya ɗora shi a kan tsohuwar taya, ya jawo tiyo mai tsawo.

Kifin ba su yafe nan take ba. Aka yi kwanaki tana watsa abinci yana nutsewa, tana komawa ɗaki jiki a sanyaye. Wata safiya Auta ya biyo kan hanyarsa ta aiki, ya same ta tsaye da robar abincin kifi a hannu. Ta watsa. Wani gashin bakin tarwaɗa ya leƙo, sai wani, sai ruwan ya hargitse gaba ɗaya har ya jiƙa mata zani.

Auta ya matso, ya kai bakinsa daf da kunnenta.

"Inna, zan sallami magini."

Ta ji shi sarai. Amma ta ce ya maimaita.