Sharaɗin da Muka Sa wa Manhajar Ɗiyata

Ina da shekara hamsin da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tambuwal. Ajami kam tun ina yaro na iya, boko ne ya gagare ni. Ɗiyata, wadda ke koyarwa a firamare, ta gaji da ganina ina fama da allon aji, sai ta haɗa wata 'yar manhaja a waya, mai nuna harafi ta faɗi sunansa. Ni ne ɗalibin gwaji. Ta ce duk abin da ya iya koyar da ni zai koyar da kowa.

Da labari ya kai Kebbe, wani malamin aji ya aiko yana son rubutun da aka gina manhajar da shi, don ya ƙara darussa. Bayan la'asar ɗiyata ta zo da kwamfuta ta zauna gefen tabarmata, ta ce sai ta zaɓi lasisi, wato ƙa'idar amfani da rubutun, kafin ta saki. Iri biyu ne. Ɗaya ya ce kowa ya ɗauka ya yi yadda ya so, ya dai ambaci mai shi. Ɗayan ya ce duk wanda ya yi ƙari kuma zai ba wasu, dole ya bar ƙarin a buɗe kamar yadda ya samu.

"Na farkon ya fi sauƙi, Baba," in ji ta.

Ni kuwa tsorona kada aikinta ya tafi bai dawo ba. Sai na ba ta labarin littafin fiƙihun mahaifina. Wani ɗalibinsa ya nemi izinin kwafa da hannu, aka ba shi ba sharaɗi. Ya cika gefen takardun da sharhi mai kyau, ya kulle a adaka. Da ruwa ya ci namu, na je aro. Ya ba ni fura, ya tambayi mutan gida, ya raka ni har bakin hanya. Littafi dai ban gan shi ba.

"Wato fura ƙwarya guda za ta zaɓa mini lasisi?"

"Furar ma ba nono sosai," na ce.

Ta yi dariya, ta zaɓi na biyun. Bayan damina darussan Kebbe suka dawo mana a buɗe, har da na haɗa jimla, masu wuyar gaske. Da na yi ƙorafi sai ta miƙo mini wayar.

"Kai ka nemi sharaɗin ga, Baba. Karanta."

Na gyara zama. Sati uku na yi a kan darasin farko.